Hular Kwano Ga Masu Hawan Babur

Babur ya shiga rayuwar mutanen Madawa, Buza da Keita, har ba a iya raba su. Shi ke kai manomin albasa fadamar Tarka, shi ke kai mai naƙuda asibiti, da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da gidansa. Amma hatsarinsa ya yawaita, kuma abin da ya fi damun hukuma da ma'aikatan lafiya shi ne raunin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma hular kwano mai kyau, in an sa ta daidai, tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ku dubi kindirmo a cikin ƙwarya. Muddin mai tallar tana tafiya a hankali, yana nan kwance lafiya lau. In ta yi tuntuɓe, ko da ƙwaryar ba ta fashe ba, sai kindirmon ya bugi wannan gefe ya koma ya bugi wancan, ya tsinke, kuma babu gwanar da za ta mayar da shi yadda yake. Haka ƙwaƙwalwa take cikin ƙoƙon kai. Shi ya sa za ka ga mutum ya faɗi, ya tashi ya karkaɗe riga yana cewa ba komai, zuwa dare ya kama amai, ya suma, saboda jini na taruwa a ciki. Ɓawon hular ne ke tare dutse, soson cikinta kuma ya shanye ƙarfin bugun. Ƙafa in ta karye ana ɗori, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da maɗori. Ga shi ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce, hanyoyin ƙauyukan Buza da Keita hawa da gangara ne, babbar hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi da ta ratsa Madawa kuma ba ta rabuwa da manyan motoci. Aikin ƙwaƙwalwa ba na ƙaramin asibiti ba ne, kafin a kai mai rauni babban gari sau da yawa lokaci ya ƙure.

Duk da haka, in aka ce a sa hula, wani zai ce zafi. Gaskiya ne ranar bazara ba wasa, amma gumi ana share shi. Wani ya ce yana da rawani. Rawani mutunci ne, yana tare ƙura da rana, ba ya tare dutse. Wani ya ce nan kusa za shi, sai ka ce akuyar da za ta gitta masa tana tambayar nisan tafiya. Mai cewa tsada kuwa, wanda ya iya sayen babur ya zuba masa mai kullum bai da bakin faɗin haka.

Mafi muni shi ne mai fakewa da ƙaddara. Babu mai musun cewa ajali na hannun Allah, amma jiki amana ne, kuma addini bai yarda mutum ya kai kansa ga halaka ba. Manzon Allah (SAW), wanda ya fi kowa tawakkali, ya sa sulke da kwalkwali ranar Uhudu. To, kai wane ne? Wanda ya rataye hula a hannun babur, sai ya hango jandarma ya kifa ta, ko ya sa ta bai ɗaure igiyar haɓa ba, kansa yake cuta, da marayun da zai bari. Wannan sakaci ne, kada a kira shi jarunta.

Sauran abubuwan da ke jawo hatsari sanannu ne: gudun ganganci, ɗaukar mutum uku ko huɗu, waya a kunne, shan ƙwaya, tafiyar dare ba fitila, da ba yaro babur. Duk a bar su. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a canza ta.

Muna kira ga sarakuna, limamai da shugabannin ƴan kabu-kabu su riƙa faɗar wannan a fada, a masallaci da tasha. Mai babur ya tanadi hula biyu, tasa da ta wanda zai goya.