Amsoshin Tambayoyinku: Bayyana Sashe, Ɓoye Sashe a Shaidar Waya

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambaya, shin ta yaya mutum zai nuna shekarunsa kaɗai daga shaidar da ke cikin wayarsa, alhali hukuma ta sa hannu a kanta baki ɗaya?

To malam, hikimar ita ce, hukumar ba ta sa hannu a kan bayanan su kansu, sai dai takan ɗauki kowanne, suna ne ko ranar haihuwa ko adireshi, ta gauraya shi da wasu lambobi na barkatai, ta bi da shi ta wani hisabi, galibi SHA-256, wanda ke fitar da tambarin da ba a iya gano asalinsa daga gare shi, sa'an nan ta jera tamburan ta sa musu hannu. Idan aka nemi hujjar shekarunka, sai ka miƙa wannan bayani guda tare da lambobinsa da kuma jerin tamburan da hukuma ta sa wa hannu, mai tantancewa ya maimaita hisabin, in tambarin ya dace da na hukuma to hujja ta tabbata, saura kuwa suna nan cikin sutura. Lambobin nan su ke hana shi cankar abin da ka ɓoye.

Wannan ita ce ƙa'idar SD-JWT ta ƙungiyar IETF, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta shar'anta irin wannan zaɓi a shaidar waya. Amma fa a lura, sa hannun ba ya canzawa, saboda haka masu tantancewa biyu in suka haɗa baki za su gane mutum ɗaya ne. Da fatan ka gamsu.