DAGA KANO ZUWA IKKO A JIRGIN SAMA

Ya kai mai karatu, ɗauko taswirar Nijeriya da zare. Ɗora bakin zaren bisa Kano, ka ja shi sosai har Ikko, wadda ake kira Legas. Wannan miƙaƙƙen zare shi ne misalin hanyar jirgin sama. Tsawonta wajen mil 520 ne, watau kilomita 830, daga filin Malam Aminu Kano zuwa filin Murtala Muhammed da ke Ikeja.

Hanyar jirgin ƙasa kuwa, wadda ta iso Kano cikin shekara ta 1911, mil 700 ce, gama ta bi ta Zariya da Kaduna da Minna, ta ƙetare Kwara a Jebba, kana ta ratsa Ilori da Badun. Shi jirgin sama, kogi ba ya tare shi, dutse ba ya sa shi kewaye.

To, sa'a nawa zai yi? Ga yadda ake lissafi: a raba nisan hanya da gudun jirgi. Babban jirgin fasinja na zamanin nan, in ya daidaita a sama, yakan ci wajen mil 500 a sa'a guda. Ashe ke nan mil 520 sa'a ɗaya ce da 'yan mintoci. Amma in ka duba tikiti, sai ka ga an rubuta kamar sa'a ɗaya da rabi. Ina sauran ya tafi?

Na fari, jirgi yakan yi tafiya a ƙasa sannu sannu kafin ya tashi, haka kuma bayan ya sauka. Na biyu, lokacin hawa da lokacin gangarowa ba ya cika gudunsa. Na uku, iska. In iska mai gudun mil 50 ta taho ta gabansa, mil 450 zai ci a sa'a. In ta bayansa take, 550. Don haka zuwa da komowa ba su cika zama daidai ba. Da hunturu kuma, hazo yakan hana matuƙi ganin fili, sai a jira ya yaye.

Saura abu guda, wanda in ka kuskure masa za ka yi hasarar kuɗinka. A tikiti, galibi sa'o'in dare da rana a haɗe ake ƙirga su, 24 ke nan. In ka ga 07:00, ƙarfe 7 ne na safe. In ka ga 19:00, ɗebe 12, saura 7, watau bakwai na yamma. Wanda ya ɗauki na safe a kan na yamma, ya zo da magariba, sai ya iske jirginsa ya daɗe da sauka Ikko. Ka kuwa sani akan rufe karɓar fasinja tun kafin lokacin tashi, saboda haka ka isa fili da wuri. In ka yi shakka, ka tambayi ma'aikaci, gama matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Mil nawa hanyar jirgin ƙasa ta fi ta sama tsawo?
2. Jirgi mai cin mil 260 a sa'a, sa'a nawa zai yi daga Kano zuwa Ikko?
3. An rubuta 15:30 a tikitinka. Ƙarfe nawa ke nan?