Rubutun Bayani: Zaɓen Fitilar Keke don Tafiyar Dare

Gabatarwa

Rubutun bayani shi ne nau'in insha'in da ake yi domin a fahimtar da mai karatu yadda wani abu yake, ko yadda ake yin sa. Ma'auninsa guda ne: idan mai karatu ya ajiye takardar, zai iya aikata abin da aka bayyana masa ko kuwa? A wannan darasi za mu ɗauki batun da yaron da ya tashi a Jama'a ko Getso cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, ko a Garo cikin ƙaramar hukumar Kabo, ya sani sarai, wato fitilar keke. Keke shi ne abin hawan manomi da ɗan kasuwa da ɗalibin makarantar dare, kuma da yawansu ba sa komawa gida sai bayan magariba, wasu ma ta gefen titin Kano zuwa Gwarzo inda motoci ke sheƙa gudu. Bayanin da ya karkace a kan irin wannan batu yana iya jawo asarar rai.

Kalmomin Batu

Kafin malami ya sa ɗalibai su rubuta ko jimla ɗaya, wajibi ne ya tattaro kalmomin batun daga bakin masu gyaran keke da masu sayar da kayansa. Zai tarar yawancinsu na aro ne. Kalmar keke daga Yarbanci take, kuma ta kusa kore basukur wadda aka aro daga Ingilishi. Fitila daga Larabci take, inda asalinta ke nufin lagwani. Bahaushe ya ɗauki sunan ɓangare ya ba abin dukansa, har ya kai shi ga fitilar da ba ta san lagwani ko kananzir ba. Tocila da batir da dainamo duk daga Ingilishi suke. A dubi tocila, a ga yadda aka cusa wasalin /i/ tsakanin baƙaƙe biyu, aka kuma yar da baƙin ƙarshe, domin kalmar ta dace da tsarin gaɓar Hausa. Ƙwan fitila kuwa ƙirƙirar gida ce, ta hanyar kamanta siffa.

Kalmar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce danja. A Ingilishi asalinta yana nufin haɗari, amma a Hausa ta koma sunan jar fitilar bayan mota ko keke, daga baya kuma ta haɗa da fitilar ba da hannu a mahaɗar titi. Akan sami sabon malami ya sa jan biro ya soke ta a takardar ɗalibi, wai ba Hausa ba ce. Wannan kuskure ne. Kalmar da ta karɓi jinsi, ta karɓi mahaɗi har aka ce danjar keke, ta kuma yi ma'anar da masu ita ba su san ta da ita ba, ta riga ta zama 'yar gida.

Misalin Rubutu

Duk mai son sayen fitilar keke, sai ya fara duba hanyar da yake bi. Aikin fitila biyu ne: ta nuna wa mai keke hanya, ta kuma nuna shi ga direbobi. Mai bin burtali tsakanin gonaki, inda babu mota amma akwai rami da yashi da kututture, buƙatarsa haske mai ƙarfi a gaba. Mai bin kwalta kuwa, babban haɗarinsa motar da ke tahowa ta bayansa, saboda haka danja ta fi masa muhimmanci, ko da yake bai kamata ya rasa ko ɗaya ba. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanyoyi da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968 ta tanadi fari ko rawayan haske a gaban keke, ja a bayansa. Wanda ya ɗaura farar fitila a baya yakan sa direba ya zaci tahowa yake yi, alhali tafiya yake yi.

Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix akan ɗaura musu dainamo, wani ɗan ƙarfe mai siffar kwalba wanda kansa ke gogar gefen taya, yana ba da wutar bolt 6 da wat 3. Ba ya cin batir, ba ya neman caji, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne a ƙauyen da wutar lantarki ba ta da tabbas. Aibinsa shi ne haskensa yana bin gudun taya. Idan an yi sauri ya haska, idan an shiga yashi an rage gudu ya dushe, idan an tsaya a gefen titi ya mutu, ke nan yakan ƙi a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Da damina kuma taɓo kan sa kansa ya riƙa sulɓewa a jikin taya. Duk da haka ba abin rainawa ba ne, domin a ƙasar Jamus sai a 2013 doka ta yarda a maye gurbinsa da fitilar batir a yawancin kekuna.

Tocilar hannu dabarar wucin gadi ce. Wanda ya riƙe ta ya bar birki ɗaya babu hannu, wanda ya ɗaure ta da roba a kan keke kuwa gargada takan karkatar da ita.

Fitilar da ta fi yawa a kasuwa yanzu ita ce mai caji, mai ƙwai maras zare wanda ake kira el-i-di. Tushen farin haskenta shi ne shuɗin ƙwan da wasu masana uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samar a Japan a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Irin wannan ƙwai yakan ba da haske mai yawa da wuta kaɗan, kuma jijjiga ba ta tsinka shi kamar mai zare. Ana auna yawan haskensa da lumen, amma kada a dogara da lambar da aka buga a kwali. Sai a kunna fitilar a wuri mai duhu a gani da ido, sa'annan a tambayi awa nawa takan yi kafin cajinta ya ƙare, domin matsakaicin hasken da zai kai mutum gida ya fi mai ƙarfin da zai mutu a rabin hanya. A duba ƙarfin maƙalinta, a duba ko bakin cajinta yana da murfin roba mai tsare ruwa da ƙura. A kuma yi tunanin inda za a riƙa yin cajin, ko a shagon cajin waya ko da faifan sola.

Idan an ɗaura ta, sai a sunkuyar da kanta ta haska ƙasa a gaban taya. Fitilar da ta miƙe tsaye takan kashe idon mai tahowa, a lokacin hunturu kuma hazo kan mayar wa mai keke da haskensa. A baya, ban da danja mai wuta, a bar ɗan jan madubin nan mai walƙiya idan hasken mota ya dake shi, domin shi ba ya mutuwa.

Abin Lura ga Malami

Rubutun bai fara da jero ire-iren fitilu ba, ya fara ne da buƙatar mai saye, domin da ita za a auna kowace fitila. Haka kuma duk inda aka faɗi aibi ko amfani, an biyo shi da dalilinsa. Ta fuskar nahawu, a nuna wa ɗalibai yadda lokaci sabau, kamar a yakan ƙi da takan karkatar, ke ɗaukar abin da ya saba faruwa, yayin da umurtau, kamar a sai a kunna da a duba, ke ɗaukar shawara. Matsalar da aka fi samu a aji ita ce ɗalibi ya zame cikin shuɗaɗɗen lokaci ya ce ran nan babansa ya sayo fitila. Da zarar ya yi haka ya bar bayani ya shiga labari, sai malami ya sa shi ya sake jimlar da akan ko ana.

Aikin Yi

1. Ziyarci mai gyaran keke, ka rubuto sunayen sassan keke goma kamar yadda ya faɗe su, ka ware na aro daga na gida.
2. Rubuta bayani mai sakin layi uku ga ɗalibin da ke komawa gida a keke ta kan kwalta bayan sallar isha'i, wanda kuɗinsa ba zai sayi fitila fiye da ɗaya ba.