Yadda Ake Hasashen Igiyar Teku Daga Iska, Da Amfaninsa Ga Manomin Zamfara

Daga 'Yargalma zuwa bakin teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Duk da haka, manhajar da masu wasan hawa igiyar ruwa a Tarkwa Bay ta Legas suke dubawa kowace safiya za ta iya yi wa manomi a Bukkuyum, Anka ko Gummi amfani, domin lissafin duka a kan iska yake.

Iska ce ke haifar da igiyar teku. Girmanta ya dogara ne da abubuwa uku: ƙarfin iskar, tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta ratsa. Manyan igiyoyin da ke isa gaɓar Najeriya galibi guguwar kudancin Tekun Atlantika ce ke tayar da su.

Ana gane ranar isowarsu ta tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata. A ruwa mai zurfi, idan aka ninka sakan na tazarar da 2.8, za a samu gudun ayarin igiyoyin a kilomita cikin awa ɗaya. Misali, tazarar sakan 14 tana ba da kusan kilomita 39 a awa, ke nan igiyar da ta taso daga nisan kilomita 4,000 za ta iso bayan kwana huɗu da 'yan awanni.

Manyan kwamfutoci ne ke wannan aiki. Tsarin GFS na Amurka yana fitar da hasashen iskar duniya sau huɗu a rana, sai tsarin WAVEWATCH III ya karɓi wannan iskar ya lissafa igiya. Turai kuma tana da nata, ECMWF. Manhajar Windy, wadda Ivo Lukačovič ɗan ƙasar Cek ya fitar a 2014, tana zana sakamakon a kan taswira, kuma taswirar ba ta tsaya a teku ba.

Ga yadda za a duba ta a nan gida:

1. A nemo gari mafi kusa, kamar Gummi ko Anka, a mayar da ma'aunin iska zuwa kilomita a awa.

2. A lura da inda iska ta fito. Ta kudu maso yamma daga teku take, ita ke kawo laimar damina. Ta arewa maso gabas ita ce hunturu mai ƙura.

3. A fi mayar da hankali kan layin da ke nuna iska mafi ƙarfi da za ta iya bugowa farat ɗaya, domin ita ke ɓarna. A ma'aunin Beaufort, iskar da ta haura kilomita 62 a awa tana karya ƙananan rassa, daga 75 kuma takan fara taɓa rufin gidaje.

4. A gwada GFS da ECMWF. Idan sun yi daidai, hasashen ya fi ƙarfi. Idan sun saɓa, a sake dubawa da yamma.

Sai dai akwai iyaka. Igiyar teku takan yi kwanaki a hanya, shi ya sa hasashenta ke da sauƙi. Hadarin damina kuwa, wanda yawanci daga gabas yake tasowa, yakan haɗu cikin 'yan awanni, kuma kwamfuta na iya kuskure wurin da zai sauka da lokacinsa. Saboda haka a ɗauki jan launi a taswira a matsayin gargaɗi: a danne kwanon rufi, a kwashe shanya, a jinkirta feshin magani, mai kwalekwale a Kogin Zamfara kuma ya dakata. A riƙa haɗawa da sanarwar hukumar NiMet. In kuma gabas ta yi baƙi alhali waya na cewa lafiya lau, to a bi abin da ido ya gani.