Yadda Ake Koya wa Kare Bin Sawun Babbar Dabba

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan makon ya shafi kare da hancinsa. Da yawanmu mun saba ganin mafarauta da rani sun cika mota da karnuka za su shiga daji, kuma mun san aikin waɗannan karnuka: a tayar da zomo ko gada, su bi a guje su kamo. Akwai wani aikin kuma wanda gudu ba ya yinsa. Maharbi ya harbi babbar dabba, harbin bai kayar da ita nan take ba, ta shige kurmi da rauni. In ba a gano ta ba, za ta kwana tana wahala, ta mutu inda babu wanda ya sani, naman ya zama rabon kura da ungulu. Karen da yake kai maharbi har inda wannan dabba ta kwanta shi za mu duba yau.

Mu fara da abin da malamin bayoloji zai so mu riƙe. A cikin hancin mutum akwai ƙwayoyin jin wari kimanin miliyan 6, na kare kuwa suna iya kaiwa miliyan 300. A shekarar 2005 masu bincike a birnin Belfast sun gwada karnuka a kan sawun mutum, suka gano cewa taku biyar kacal ya ishi horarren kare ya san inda mai sawun ya dosa. Yana gwada ƙarfin warin wannan taku da na gaba, ya gane wanne ne sabo. To ka ga ba mu da abin koya wa kare a fannin shinshina. Abin da ake koya masa shi ne ya zaɓi wari ɗaya daga cikin ɗaruruwan da ke daji, ya riƙe shi har ƙarshe.

Ƙasar da ta yi fice a wannan horo ita ce Jamus. Suna da irin kare na musamman don wannan aiki, wanda aka samar a tsaunukan Bavariya, kuma ƙungiyar masu kiwonsa tana nan tun 1912. Jarrabawar da suke yi wa karnukan bin sawu ta ba mu mamaki. Ana shimfiɗa sawu mai tsawon aƙalla mita 1,000 a cikin daji, da kwana uku a hanya, jinin da za a ɗiɗɗiga kuma ba ya wuce rubu'in lita, wato rabin ledar fiya wata. Sai a bar sawun ya yi awa 20, a babbar jarrabawa awa 40, sannan a kawo kare. A ƙasar Suwidin kuma doka ce: wanda zai farauci manyan barewar ƙasar ko aladen daji dole ne ya tanadi horarren kare da zai iya isa wurin cikin awa biyu da yin harbi.

Yaya ake kai kare wannan matsayi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka tun yana kwikwiyo ɗan watanni kaɗan ake farawa. A ɗaura guntun hanta ko ɗanyar fata da igiya, a ja ta a ƙasa kamar taku ashirin, a ajiye ɗan nama a ƙarshe. A kawo kwikwiyon yana ɗan jin yunwa, a nuna masa mafarin da yatsa. Ya bi, ya samu, ya ci, a shafa kansa ana yabonsa. Darasin farko ke nan, ba ya wuce minti biyar.

Akwai wata dabara a nan da ake yawan mantawa. Mai jan fatar ya ba iska baya, wato iska ta riƙa kaɗawa daga mafari zuwa ƙarshen sawun. In iska tana fuskantar kare, za ta kawo masa warin naman kai tsaye, sai ya ɗaga kai ya ruga, bai koyi komai ba. In tana bayansa, dole ya kafa hanci a ƙasa.

Daga nan sai a riƙa ƙara wuya sannu a hankali. A tsawaita sawun, a sa masa kwana, a daina jan fata a koma ɗiga jini daga kwalba. Jinin mahauta ya wadatar. Sai a fara barin sawun ya tsufa: awa biyu, awa huɗu, har ya kwana. Tazarar ɗigon ma a riƙa buɗa ta, domin dabbar da aka harba ba kullum take zubar da jini ba, wani lokacin raunin ta ciki yake zuba. A irin wannan hali kare yana dogara da warin jikin dabbar, da na ciyawar da ta tattake, da wani maiƙo da ke fita daga tsakanin kofatan barewa. Shi ya sa Jamusawa suke da wani takalmi da ake ɗaura wa kofaton dabba, mai horarwa ya saka ya yi tafiya da shi, ya bar sawu ba jini ko ɗigo.

A ganinmu mataki mafi wuya shi ne na ƙetarawa. Ana shimfiɗa sawun da gangan inda lafiyayyun dabbobi suka ratsa da safe. Sabon warinsu ya fi na tsohon sawu ƙarfi da daɗi, kuma kowane kare zai so ya bi shi. Da ya karkata, sai mai riƙe da shi ya tsaya cak, ya mayar da shi inda aka ga ɗigon ƙarshe, ba duka ba tsawa. Karen da aka doka a kan sawu yakan koma kallon fuskar ubangidansa maimakon ƙasa, daga nan aiki ya lalace. Kuma mai horarwa ba zai san kare ya kauce ba sai in tun farko ya ɗaura ƙyallaye a rassan bishiyoyi, sama da inda hancin kare yake kaiwa.

Duk wannan aiki a igiya ake yinsa, doguwa mai kamar mita goma. Ba a sa wa kare ita sai ranar bin sawu, har ya gane cewa ganinta na nufin aiki. Tana hana shi garaje, tana kuma kare ransa, domin ɓauna ko gadu mai rauni ba abin wasa ba ne, yana iya juyowa ya farke kare.

Shi ma mutumin yana da nasa karatun. Kafin a sa kare, a duba wurin da aka yi harbin. Jini ja wur mai kumfa na huhu ne, dabbar ba za ta yi nisa ba. Mai duhu yakan zama na hanta. In aka ga ɗanyar ciyawa da aka tauna gauraye da jini, tumbi aka samu, sai a haƙura na wasu awoyi. Dabba mai rauni takan nemi wuri ta kwanta, in an tashe ta da wuri sai ta ƙara nisa. Yanayi ma yana da tasiri: raɓa da danshi suna riƙe wari, zafin rana da busasshiyar iska irin ta hunturunmu suna kwashe shi, don haka asuba ta fi.

Batun horarren kare ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbobin farauta da aka horar, malaman fiƙihu kuma suka ce alamar horarre ita ce in an tura shi ya tafi, in an tsawatar ya tsaya. Wannan biyayyar ita ce dai ake nema a igiya.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ɗauki karen gidansu ya nufi daji. Manyan dabbobinmu irin su gwanki da ɓauna da giwa sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma a wurare kamar Yankari ta jihar Bauchi farauta laifi ne. Najeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. Horon kansa yana da wata kasuwar: a gandun dajin Virunga na ƙasar Kwango, a 2011 masu gadi suka fara amfani da karnuka wajen bin sawun masu farautar sata. Wanda yake son gwadawa, fatar akuya da filin bayan gida sun ishe shi, amma a fara kai karen wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka.