Darasi: Hukuncin Gidan da Bashi Ya Hau Kansa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Kadarar wakafi amana ce, kuma ƙimarta ba ita ce adadin da aka rubuta a littafi ranar da aka karɓe ta ba. Gonar da rashin tsaro ya hana nomawa a ƙauyukan Anka, da gidan da ambaliyar 2024 ta rusa a Gummi, da filin da gubar dalma ta taɓa gurɓatawa a 'Yargalma ta Bukkuyum a 2010, duk suna nan a takarda, amma amfaninsu ya sauya. Don haka ya wajaba a riƙa bibiyar kowace kadara duk shekara da tambayoyi uku: me take shigowa da shi, wace takarda ta tabbatar da mallakarta, kuma shin akwai haƙƙin wani a kanta?

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi. A mazhabar Malikiyya, gidan da aka jinginar ba ya zama wakafi sai an fanshe shi, domin haƙƙin mai bin bashi ya rigayi sadaka. Wanda kuma ya riga ya zama wakafi ba a jinginar da shi, kamar yadda Sayyidina Umar ya sharɗanta a kan gonarsa ta Khaibara cewa ba za a sayar ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba.

Idan wa'adi ya cika mutum ya kasa biya, mai jingina ba shi da ikon riƙe gidan a madadin kuɗinsa. Alƙali ne zai sa a sayar da shi da farashin kasuwa, a biya bashin, a mayar wa mai gida ragowar. A ɓangaren dokar ƙasa kuwa, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a jinginar da fili mai takardar mallakar jiha.

Duniya ta ga sakamakon sakaci da wannan babi. Basussukan gidaje da aka kasa biya su suka durƙusar da bankin Lehman Brothers a Amurka a 2008, a Najeriya kuma aka kafa hukumar AMCON a 2010 don sayen munanan basussukan bankuna. Shari'a ta tanadi hanya mafi sauƙi: aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, aya ta 60 ta Suratut Tauba kuma ta ba waɗanda bashi ya yi wa katutu kaso a cikin zakka.

Saboda haka, duk mai niyyar ba da gida ko gona wakafi ya fara bayyana bashin da ke kansa. Wanda kuma gidan iyalinsa ke gab da salwanta saboda bashi na halal, ya zo a duba lamarinsa kafin a kai ga gwanjo.

Allah ne Mafi sani.