Nazarin Kalmar "Maganin Barci" a Sashen Kulawa ta Musamman: Kwatancin Magunguna Uku

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi wa majinyaci babbar tiyata, aka ɗora shi a kan na'urar taimaka wa numfashi, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, likitoci kan ba shi magani domin ya jure bututun da ke maƙogwaronsa. Abin da dangi kan ji shi ne "an ba shi maganin barci". Da wannan suna kuwa ake kiran ƙwayoyi irin su diazepam a shagunan Fagge da Sabon Gari. Maƙalar nan tana nuna cewa kalmar ta haɗe magunguna masu bambancin aiki.

2.0 Kwatanci

Midazolam dangin diazepam ne. Yana da araha, amma yakan taru a jiki idan aka daɗe ana ba da shi, musamman ga mai ciwon ƙoda, sai farkawa ta yi jinkiri. Propofol yana kamawa da sauri, yana kuma sakin mutum da sauri, sai dai yakan saukar da ƙarfin jini. Dexmedetomidine kuwa yana natsar da majinyaci ba tare da danne numfashinsa sosai ba, har a kira shi ya buɗe ido, amma yakan rage bugun zuciya. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta fitar a 2018 sun fifita na biyu da na uku a kan dangin midazolam, saboda yawan ruɗewar hankali da daɗewa a kan na'ura.

3.0 Tasirin Gurguwar Fassara

Mai jinyar da aka ce masa ɗan'uwansa yana barci, in ya tarar da idonsa biyu, zai zaci magani bai kama ba. In kuma ya ga an kwana biyu bai motsa ba, zai ɗauka doguwar suma ce, ya fid da rai. Haka nan midazolam da propofol ba sa kashe zafi, alhali mai sauraro yakan ɗauka mai barci ba ya jin ciwo.

4.0 Kammalawa

Ana ba da shawarar a rarrabe "maganin natsuwa" da "maganin barci mai nauyi" da "maganin kashe zafi". Dacewar waɗannan kalmomi sai an gwada su a bakin masu jinya, aikin da ke buƙatar haɗuwar masana harshe da likitoci.